KAYAN JAN TIRELA NA KAMFANI: A SAYA KO A BARI?

Idan kaka ta yi, murna takan zo tare da wahala. Gona tana nesa da gari. Hanya kuwa daga yashi sai kwazazzabo. Babbar mota ba ta shiga, amalanken shanu kuma ba ya ɗaukar buhu da yawa a sawu ɗaya. Wannan ne ya sa wasu manyan manoma da ƙungiyoyin gama kai suke tara kuɗi su sayi motar shiga daji, wato irin wadda duk ƙafafunta huɗu suke ja. Wasu kuma sukan yi niyyar ɗaura mata ƙaramar tirela a baya. Ƙaramar tirela amalanke ne na ƙarfe mai taya, irin wanda tarakta take ja.

A wurin saye, dillali yakan nuna motoci biyu masu kama ɗaya. Sai ya ce wannan ta zo da kayan jan tirela tun daga kamfani, saboda haka kuɗinta ya ɗara na waccan. A nan ne mai saye yakan tsaya yana tunani. Ya ƙara kuɗin? Ko kuwa ya sayi mai araha, ya kai wa mai walda ya liƙa mata ƙugiya?

Kuɗin jama'a ne, ko gumin shekaru. Kuskure a nan yana iya cin injin mota, yana iya cin rai. Saboda haka ya kamata a san abin da ake saye.

MENE NE KAYAN JAN TIRELA?

Wannan al'ada ta fi yawa a Amurka. A can mai sayen sabuwar mota yakan zaɓi abubuwan da yake so kamfani ya ƙara mata tun wurin ƙira. Cikinsu akwai kayan jan tirela. Motocin Amurka na hannu suna shigowa ta Legas da Kwatano, har su iso kasuwannin Kano da Kaduna da Maraɗi. Wasu suna da waɗannan kaya, wasu babu.

Kowane kamfani da irin haɗinsa, amma yawanci kayan sun ƙunshi waɗannan:

1. Ƙugiya mai ƙarfi wadda aka ɗaure da manyan kusoshi a jikin shasi. Shasi shi ne manyan ƙarafan nan da gangar mota take zaune a kansu.
2. Wayoyin wuta da soket a bayan mota, domin danja da sigina da fitilar birki su kama a jikin tirela.
3. Ƙaramin lagireto na sanyaya man giya.
4. A wasu motocin, abin sanyaya baƙin mai, ko babban lagireto da fanka mai ƙarfi.
5. Babban batir, da na'urar cajinsa mai ƙarfi.
6. Wayar da ake haɗa birkin tirela da ita.

Duk cikin waɗannan, ƙugiya da soket kaɗai ake gani daga waje. Sauran suna ɓoye a ciki, kuma su ne suka fi muhimmanci.

ABIN DA IDO BA YA GANI

Manomi ya san cewa karkiya mai kyau ba ita ce ke jan amalanke ba. Sa ne yake ja. In aka labta masa kaya a tsakar rana, ba ruwa ba hutu, zai durƙushe ko da karkiyar sabuwa ce. Haka mota take. Ƙugiya ita ce karkiya. Injin da giya su ne san.

Babban abokin gabar motar da ke jan kaya shi ne zafi. Idan nauyi ya ƙaru, injin yakan ƙara ƙona mai, ya ƙara ɗumi. Giya ita ma haka. Abin ya fi tsanani a mota mai canza giya da kanta, wadda ake kira otomatik. Irin wannan giya da mai take aiki. In man ya yi zafi ya wuce kima, sai ya tsinke, ya yi baƙi, ya daina kare ƙarafa. Daga nan giya ta fara zamewa. Wata rana sai motar ta ƙi tafiya sam. Gyaran giyar otomatik kuwa yana cikin gyare-gyare mafiya tsada.

Tafiyar daji tana ƙara wa abin muni. A kan kwalta mota tana gudu, iska tana shiga lagireto tana sanyaya shi. A cikin yashi kuwa injin yana ta ruri, amma motar tafiyar hawainiya take yi. Zafi ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. Amfanin ƙaramin lagireton man giya ke nan. Shi ne ruwan sha da inuwar san.

Mota mai giyar hannu ba ta cika samun wannan matsala ba. Ita kulocinta ne yake shan wuya, musamman wajen tashi da kaya a kan tudu ko cikin yashi.

MISALI DAGA AMURKA

Kamfanin Toyota yana ƙera wata a-kori-kura domin kasuwar Amurka, sunanta Tacoma. A duba wadda aka yi daga 2005 zuwa 2015, mai injin silinda shida. In ba ta da kayan jan tirela na kamfani, iyakar abin da aka yarda ta ja shi ne kilo 1,590 ko kusa da haka. In tana da su, wasu samfurorinta suna jan har kilo 2,950.

Mota ɗaya ce, injin ɗaya ne. Abin da aka ƙara shi ne ƙugiya mai ƙarfi, da abin sanyaya baƙin mai, da na man giya a otomatik, da babban batir da na'urar caji, da soket mai baki bakwai. Da waɗannan kaɗai nauyin da take ja ya kusa ninkawa.

Wannan lamba ba da ka ake faɗinta ba. A Amurka akwai gwajin da manyan kamfanoni suke bi. Ana ɗaura wa mota tirela, a hau wani dogon tudu da ke kusa da madatsar ruwa ta Davis a jihar Arizona. Tsawon hawan ya kai kilomita 18. Dole zafin rana ya kai digiri 38 ko kusa, kuma na'urar sanyaya ɗakin mota tana kunne. In motar ta yi zafi, ta faɗi gwajin. To, a Sakkwato da Maiduguri zafin watan Afrilu yakan wuce digiri 40. Ke nan motar da za ta ja kaya a nan ta fi buƙatar abin sanyaya mai.

Amma ba kowace mota ce kayan suke ƙara wa ƙarfi haka ba. Jeep Wrangler mai ƙofa biyu, ƙirar 2018, iyakarta kilo 900 ne da 'yan kai. Gajera ce, tirela mai nauyi tana iya wujijjiga ta. Duk ƙugiyar da aka sa mata, iyakar tana nan.

Hilux da Land Cruiser da ake sayarwa a Afirka da Turai kuwa tsarinsu daban ne. Yawanci ƙugiya da wayoyi wakilin kamfani ne yake sawa a wurin saye. In an samu na asali, aka ɗaure su a ramukan da kamfani ya tanada, sun wadatar.

LABA BA KILO BA CE

Akwai tarko a nan, kuma ya kama mutane. Amurkawa da laba suke auna nauyi. Kilo ɗaya ya ɗara laba biyu kaɗan. Idan aka ga 3,500 a littafin motar Amurka, laba ake nufi, wato kilo 1,590 ko kusa. Idan aka ga 3,500 a littafin Land Cruiser ta Turai ko Ostareliya, kilo ake nufi. Lamba ɗaya ce, amma ɗaya ta ninka ɗaya har da ɗori. Wanda ya ɗauki laba a matsayin kilo zai ɗora wa motarsa ninkin abin da take iyawa. Hanya mai sauƙi ita ce a raba lambar laba biyu, a ƙara rage kaɗan.

A YI LISSAFI TUKUNA

Kafin a je kasuwa, a zauna a lissafa abin da za a riƙa ja. Nauyin tirela ita kanta yana cikin lissafi.

A ce tirelar da babu komai a ciki kilo 600 ce. Ga misali uku:

Taki: buhu 15, kowanne kilo 50. Ya zama kilo 750. A haɗa da tirela, kilo 1,350.

Ruwa: lita ɗaya kilo ɗaya ce. Tanki mai lita 1,000 ya zama kilo 1,000. A haɗa da tirela, kilo 1,600, ban da nauyin tankin.

Masara: buhu 15, kowanne kilo 100. Ya zama kilo 1,500. A haɗa da tirela, kilo 2,100.

A gwada wannan da Tacoma ɗin can. Marar kayan kamfani za ta ja takin. Tankin ruwa ya riga ya haye iyakarta. Masara kuwa ta wuce da kilo 500 da wani abu. Mai kayan kamfani za ta ja duka ukun a kan kwalta, har da sauran sarari. Lissafi ya ba da amsa tun ba a yi ciniki ba.

Akwai wani nauyi da ake mantawa. Gaban tirela yana danne bayan mota. Abin da ya dace shi ne kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyin tirela ya hau kan ƙugiya. Tirela mai kilo 2,100 za ta ɗora wa mota kilo 210 ko kusa. Tamkar an riga an sa buhu biyu na masara a bayan motar ne. Wanda ya cika bayan mota da buhuna, ya ɗora mutane a kai, sannan ya ɗaura tirela, ya karya ƙa'ida ko da tirelar ba ta wuce iyaka ba.

Wajen lodi kuma a sa mafi yawan kaya a gaban tayoyin tirela. In nauyi ya koma baya, tirela takan riƙa kaɗa wutsiya idan an yi gudu. Tana iya jefa motar cikin rami.

JA DABAN, TSAYAWA DABAN

Jan kaya ba shi ne wuya ba. Tsayar da shi ne wuya. Birkin mota don nauyin mota aka yi shi. A Turai da Ostareliya doka ta ce duk tirelar da nauyinta da kayanta ya wuce kilo 750, dole ta kasance da birkin kanta. Shi ya sa littafin Hilux da na Land Cruiser a can suke ba da lamba biyu. Tirela marar birki, kilo 750. Mai birki kuwa, a wasu samfurori har kilo 3,500.

Yawancin tirelolin da maƙera suke haɗawa a gida ba su da birki. Wanda yake da irin wannan, ƙaramar lambar ce tasa. Babbar ba ta shafe shi ba.

Birkin tirela iri biyu ne. Akwai wanda yake kamawa da kansa idan tirela ta turo mota daga baya. Wannan ya fi yawa a Turai. Akwai kuma mai aiki da wuta, wanda ya fi yawa a Amurka. Shi wannan sai da soket mai baki bakwai, da wata ƙaramar na'ura kusa da direba. Soket mai baki huɗu fitilu kaɗai yake kunnawa. Wasu kamfanoni wayar kawai suke sawa, na'urar sai an saya daban. A tambaya.

Fitilu ma ba ado ba ne. Tirela takan rufe danjar mota. Da dare, mai babur ko direban da ke baya ba zai ga komai ba sai ya zo dab.

HANYAR DAJI BA KWALTA BA CE

Babbar lambar da ke cikin littafi ta kwalta ce. Kamfanin Land Rover ya fayyace wannan a littafin tsohuwar motarsa Defender, wadda aka daina ƙerawa a 2016. A kan kwalta an yarda ta ja tirela mai birki ta kilo 3,500. A daji kuwa kilo 1,000 kacal. Marar birki, kilo 750 a kwalta, kilo 500 a daji.

Dalili a fili yake. A daji tirela tana faɗawa rami tana fizgar ƙugiya. Tayoyinta ba sa ja, sai dai su nutse cikin yashi ko taɓo su riƙe motar. A gangare kuma tana turo mota. Kayan kamfani suna kare injin da giya, amma ba sa mai da burji kwalta. Manomin da gonarsa take cikin fadama gara ya yi sawu biyu da rabin kaya, ya tara a bakin titi, sannan ya yi cikakken lodi.

ILLAR KAYAN

Kayan ba su rasa aibi ba. Na farko, ƙarin kuɗi. Na biyu, ƙugiya takan leƙo ƙasa a bayan mota. Wajen fita daga kwazazzabo ko hawa gaɓar rafi, ita ce take fara dukan ƙasa. Soket ɗin ma yakan cika da taɓo ko ya fashe. Maganin wannan shi ne irin ƙugiyar da ake zare bakinta a ajiye in ba a jan komai, a kuma ɗaga soket sama.

Sai gargaɗi babba. A bakin ƙugiya akwai dunƙulen ƙarfe mai kama da ƙwallo. Nan ake rataya tirela. Idan mota ta kafe, kada a ɗaura igiya ko sarƙa a wannan ƙwallo a fizga. Ba don fizga aka yi shi ba. Yakan tsinke ya tashi kamar harsashi. Ya taɓa kashe mutane a Ostareliya da Amurka. A nemi wurin ɗaure igiya da kamfani ya tanada a jikin shasi, jama'a kuma su ja da baya.

Girman ƙwallon ma ya bambanta. Na Turai milimita 50 ne. A Amurka akwai mai inci 2, wanda ya ɗara milimita 50 kaɗan, akwai ƙarami, akwai babba. In bakin tirela ya fi ƙwallo girma, yana iya ficewa a kan hanya. Dole su dace da juna. Kuma kullum a ɗaura sarƙar tsaro tsakanin mota da tirela.

ƘUGIYAR MAI WALDA FA?

Masu walda suna da basira, kuma aikinsu yana da araha. Amma araha ba ta ado. Ƙugiyar da aka liƙa a jikin bamba ba ta da uwa. Bamba ba don jan tan biyu aka yi ta ba. Wadda aka liƙa a jikin shasi kuma, zafin walda yana iya raunana ƙarfen, daga baya ya tsage. Kamfanoni da yawa sun hana a yi walda ko a huda shasi ba bisa ƙa'idarsu ba. Sabuwar mota tana iya rasa garantinta saboda haka.

Wutar mota ma haka. Motocin zamani suna da kwamfuta a ciki. In aka feɗe waya aka jona fitilar tirela da ka, ana iya ƙona abin da ya fi ƙugiyar tsada.

Abu mafi girma shi ne, mai walda ba ya sa abin sanyaya man giya. Motar za ta yi kama da mai kayan kamfani daga waje, amma cikinta bai canza ba. Iyakarta tana nan yadda take.

Akwai hanya ta tsakiya. Ana sayar da ƙugiyoyi masu inganci waɗanda aka ƙera daidai da kowace irin mota. Da kusoshi ake ɗaure su. Bakanike ƙwararre yana iya ƙara ƙaramin lagireton man giya. Wannan ya fi walda nesa. Sai dai in aka haɗa kuɗin kaya ɗaya bayan ɗaya da kuɗin aiki, sau da yawa yakan kai ko ya wuce abin da kamfani ya nema tun farko. Kuma lambar da ke cikin littafin motar ba za ta ƙaru ba.

WA ZAI SAYA, WA ZAI BARI?

Ya kamata a saya idan:

1. Za a riƙa jan tirela a kai a kai, kamar kowace kaka ko kowace ranar kasuwa.
2. Lissafi ya nuna nauyin ya kusa iyakar motar marar kayan, ko ya wuce.
3. Motar otomatik ce, kuma za ta yi aiki cikin zafi da yashi ko tudu.
4. Motar ta ƙungiya ce, wadda direbobi da yawa za su tuƙa, kuma aikinta zai ƙaru nan gaba.

Ana iya bari idan:

1. Duk kayan suna shiga bayan mota, babu niyyar sayen tirela.
2. Abin da za a ja ƙarami ne, kamar injin ban ruwa ko injin sussuka, sau ɗaya ko biyu a shekara. Ƙugiya mai kusoshi da wayar fitilu sun isa.
3. Nauyin ya wuce iyakar motar ko da tana da kayan. Wannan aikin tarakta ne ko babbar mota.

IDAN MOTAR HANNU CE

Ganin ƙugiya ba shi ne shaida ba. Mai motar na farko yana iya sawa daga baya. A tafi da bakanike amintacce ya duba waɗannan:

A leƙa ƙasa. Da kusoshi aka ɗaure ƙugiyar, ko walda ce? Akwai tsatsa ko tsaga a shasi? Ƙugiya ta asali takan zo da tambari mai nuna nauyin da take ɗauka.

A buɗe gaban mota. Akwai ƙaramin lagireto a gaban babban?

A ƙirga bakin soket, a gwada ko yana kawo wuta.

A duba man giya in motar tana da wurin dubawa. Mai kyau yakan zama ja-ja. In ya yi baƙi yana ƙauri, motar ta sha wuya.

A kwafi lambar shasi. Baƙaƙe da lambobi 17 ne. Da ita wakilin kamfani yake iya gano abin da aka sa wa motar ranar da aka ƙera ta.

Daga ƙarshe a buɗe littafin motar a ga iyakar nauyi, a tabbata laba ce ko kilo. Idan tambarin ƙugiya ya faɗi wata lamba, littafi ya faɗi wata, ƙaramar ake bi.

Mai saye ya rubuta abu uku a takarda kafin ya bar gida: nauyin da zai ja, sau nawa a shekara, da irin hanyar da zai bi. Da wannan takarda zai tunkari dillali. In amsar ta nuna ana buƙatar kayan, ƙarin kuɗin bai kai kuɗin sabuwar giya ba. In ba a buƙata, kuɗin ya tafi ga taya mai kyau. Rigakafi ya fi magani.